Mutum Huɗun da Kawu Ya Bari Suna Jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida har ya kai ni ɗakin miji, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Nassarawa GRA, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kwana uku muka yi a kan tabarmi muna karɓar gaisuwa. Ni da nake fama da gwiwa, duk wadda ta shigo sai na muskuta na amsa mata, har bakina ya gaji da "mun gode Allah". Ban yi kuka sosai ba, in zan faɗi gaskiya. Gajiya ce ta fi yawa, irin wadda barci ba ya maganinta.

Masu gaisuwar kamar sun haɗa baki. Matar wani tsohon abokin aikinsa a ma'aikatar gona ta ce mijinta ya sha faɗa mata, a ofishinsu ba agogon bango ake dubawa ba, shigowar Kawu ake dubawa. Maƙwabciyarmu, matar wani alƙali mai ritaya, ta ce shekara talatin suna katanga ɗaya bai taɓa cewa zai zo bai zo ba, in kuwa uzuri ya tare shi za ka ga ɗan aike tun kafin ka fara duban hanya. Har mai kawo mana fura da nono ta durƙusa a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce ranar da aka kwantar da shi a asibiti sai da ya sa aka gaya mata kada ta sha wahalar zuwa. A waje kuma, wajen maza, motoci ne har bakin titi, yawancinsu na 'yan siyasa abokan babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, da yake a lokacin yana neman kujerar majalisa. Waɗannan ba su san Kawu ba, amma sun ji abin da ake faɗa sun ɗauka, kowa ya tashi tafiya sai ya ce, "Alhaji mutum ne mai cika alƙawari." Ina jin wannan yabo ina gyaɗa kai, don gaskiya ne. Sai dai na san inda halin ya samo asali, Hajiya matarsa ma ta sani.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, ta yafito ni ɗakinta.

"Rufo mana ƙofar," ta ce. "An ce liman ya nema masa yafiya a wajen jana'iza, kowa ya ce ya yafe."

"Haka maza suka ce, Hajiya."

"Waɗanda bai yi wa komai ba su ne suka yafe. Wanda ya kamata ya faɗa bai zo ba." Ta gyara farin mayafin takabarta. "Saura kwana biyu ya cika ya kama hannuna ya ce a je wa Ticha, a roƙe shi. Ni ga ni a takaba, yayanku kuma kin san halinsa. Ke za ki je. Haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, ni kuma tun ranar Talata abinci ba ya wuce mini nan." Ta nuna maƙogwaronta.

Wanda take nufi wani tsoho ne Kirista, mutumin ƙasar Zazzau, tsohon malamin firamare da ke zaune a Tudun Wada, nan cikin Kano. Baba Ticha ake ce masa a gidanmu. Duk Kirsimeti Kawu yana aika masa buhun shinkafa da zakaru biyu, duk Babbar Sallah cinyar rago. Ana karɓa a ce an gode, amma ko gaisuwa ba a taɓa maidowa ba. Tun muna yara muke ganin haka, ba mu tambaya ba, don gidan Kawu ba gidan tambaya ba ne.

Mutum ne mai ƙarancin magana, dogo, siriri, kullum cikin farar jamfa da hula zanna wadda ta ga jiya ta ga yau. Shayinsa ba madara, gurasarsa ba mai. Zaginsa mafi girma shi ne "kai ba ka da lokaci". In ya ce za mu fita ƙarfe huɗu, huɗu saura biyar yana cikin mota, huɗu daidai ya tayar, ko da kina tsakar gida da takalmi ɗaya a hannu. Ni kaina ya taɓa barina a ranar da za a kai ni makarantar kwana, na bi motar da gudu har ƙarshen layi da akwati a ka, shi kuwa yana kallona ta madubi bai ko rage gudu ba sai da ya ga na kusa faɗuwa. Ranar na yi rantsuwa ba zan ƙara yi masa magana ba. Rantsuwar ta kai har Wudil, inda ya tsaya ya saya mini rake da dafaffen ƙwai.

Maganarsa guda da kowa ya haddace a gidan ita ce, "In ba za ka zo ba, ka aika." Ya faɗa wa 'ya'yansa, ya faɗa wa direbobi, ya faɗa wa mai gyaran famfo, har wani kwamishina ya taɓa faɗa wa a gaban mutane. Hausawa kuma suna da tasu, cewa zuwa da kai ya fi aike. Kawu ya san karin magana kamar me, amma wannan ɗaya ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Ba ya sauraron kiɗa. Yana jin labarai a rediyo, da an sako waƙa sai ya murɗe. Muka ɗauka tsoron Allah ne, da aka ƙaddamar da Shari'a kuma mutane suka riƙa kafa misali da shi, wai ga Alhaji nan tun kafin a hana ya hana kansa. Amma akwai abin da na gani da idona tun ina budurwa. Ana shirin bikin wata 'yarsa, mata uku suna lugude a turmi ɗaya a bayan gida, ya zo wucewa da buta a hannu. Sai ya ja ya tsaya, ya karkata kai, fuskarsa a yamutse kamar mai ciwon haƙori. Can ya ce, "Ke ta hagu, kina makara. Ki shigo tun taɓaryarta tana sama." Matar ta gyara, luguden ya zauna daram, ya tsaya ya ji kamar na minti ɗaya, sannan ya ankara muna kallonsa ya wuce da sauri. Na tambayi Hajiya, ta ce in je in wanke shinkafa.

Sau ɗaya Baba Ticha ya taɓa shigowa gidanmu. Shekarun baya kaɗan aka yi wata tarzoma a garin nan, irin wadda ake tare mutum a tambaye shi addininsa. Da rana tsaka, hayaƙi na tashi ta wajen Gama, Kawu ya kira Yaya ya ba shi makullin mota, Hajiya ta haɗa hijabai uku a leda. Yaya, in ba shi haƙƙinsa, bai yi musu ba, ya shiga cikin wutar nan ya ɗauko tsohon da 'yarsa da jikokinsa mata biyu. Aka sauke su a ɗakin baƙi. Kwana huɗu suka yi. Kawu ya sa an yanka kaji, ya sa an nemo wa tsohon maganin hawan jini, ya zauna da kansa a kujera a bakin get da carbi, duk wanda ya leƙo ya ce masa baƙinsa ne daga Zariya. Amma bai shiga ɗakin ba, shi ma tsohon bai fito ba. Ranar tafiya suka haɗu a baranda, Baba Ticha ya ce, "An gode da masauki," Kawu ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," kowa idonsa a kan takalmin ɗan'uwansa. Na ce a raina, wannan wace irin gaba ce mai kaji da maganin hawan jini?

Amsar ta zo mini ne a cikin mota, bayan kamar shekara guda. Na ɗauko shi daga asibitin ido, sai muka faɗa cikin taron kamfe, hanya ta toshe gaba da baya. Yara suna rawa a kan motoci, lasifika tana zuba waƙar ɗan takara da fiyanon nan na situdiyo. Ba rediyon da zai murɗe. Ya jure, ya jure, can ya ce, "Wannan ba kiɗa ba ne, inji ne yake tari."

"Kawu, kai da ba ka jin kiɗa, ina ka san mai kyau?"

Idonsa ɗaya a rufe da auduga, ɗayan yana kallon gilashi.

"Mu biyar ne," ya ce. "Zamanin Turawa, ina akawu a kamfanin gyaɗa, ban yi aure ba. A makarantar midil na koyi busa begila, daga begila zuwa ƙahon Turawa mai maɓalli uku kuwa ba nisa. Ticha yana kaɗa fiyano a cocinsu. Akwai wani bakanike a filin jirgin sama, mutumin Chadi, yana busa saksafon, wani ƙaho mai lanƙwasa kamar lofe. Shi matuƙa jirage suke kawo wa faya-fayan garmaho daga Amurka. Akwai mutumin Kudu, ma'aikacin reluwe, da wata ƙatuwar garaya da ta fi shi tsawo, a tsaye ake kaɗa ta. Sai mai ganga, ɗan Fagge, ubansa makaɗin mahauta ne. Ya yi badujala, kiɗan faretin nan, ya bari, don hannunsa ba ya yarda ya buga abu ɗaya sau biyu."

Na saki baki ina kallonsa. Wannan fa mutumin da ya taɓa ƙwace mini kaset ne ya ce in karatu nake so in yi karatu.

"Jaz ake ce wa kiɗan, amma ba irin na rawa ba. Wani sabon samfuri ne mai gudu da baƙaƙen Amurka suka fito da shi bayan yaƙin duniya, suna ce masa bibop. Mu a faifai muka koya, mu mayar da allura baya, mu mayar, har faifan ya yi fari. Za a fara tare a faɗi kan magana. Sai a sakar wa mutum ɗaya fili ya faɗi abin da ke ransa, ba takarda, ba wanda ya san inda zai nufa har shi kansa, sauran suna riƙe masa ƙasa kada ya faɗi. In ya gama ya ɗaga gira, na gaba ya karɓa. In kowa ya faɗi tasa, a dawo kan maganar farko a rufe." Ya nuna masu kamfen da haɓa. "Waɗannan duk tare suke magana, ba mai riƙe wa wani ƙasa."

Ya ce a kulob ɗin Turawa suke yi, nan bayan layinmu na yanzu, ran Lahadi da la'asar, ta ƙofar kicin suke shiga. Turawan so suke a yi musu mai sanyi su rungumi matansu su yi ta juyi. Sai su yi musu biyu, a na uku mai ganga ya kashe wa Kawu ido su ɓalle, manaja yana ta ɗaga hannu a bayan zaure kamar mai korar kaji. Yana ba ni wannan labari yana dariya, dariyar da ban san yana da ita ba, har audugar idonsa ta motsa.

"Me ye sunan ƙungiyar, Kawu?"

"Sau uku muna sa suna muna canzawa, ba wanda ya zauna. Wata bakwai ne fa duka-duka."

Wani Bature injiniyan rediyo ya ji su, ya ce zai zo da na'urar ɗaukar murya ranar Asabar ƙarfe goma na safe ya ɗauke su, a sa a rediyo, ƙila ma a yi faifai. Ran Lahadi zai hau jirgi ya bar ƙasar, saboda haka ranar ɗaya ce. Ranar Juma'a bayan masallaci maganar ta kai kunnen kakanmu, wanda yake muhuti ne, wato marubucin shari'a, a kotun alƙali.

"Bai daka mini tsawa ba," in ji Kawu. "Cewa ya yi, 'Na ji kana busa wa Nasara ƙaho suna shan giya. Abin da ya wuce ya wuce. Amma in busar nan ta fita a akwatin rediyo garin nan ya ji, ban yafe maka ba duniya da lahira.' Ranar Asabar na sa kwat ɗina na hau keke. Har yau ban san abin da na fita yi ba, busawa ko gaya musu ba zan busa ba. Na zo gindin wani maɗaci inda ake hango ƙofar kulob, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Na daɗe a nan. Sannan na juya gida. Ban je ba, ban aika ba. An ce sun jira har la'asar, ba a ɗauki komai ba."

Daga ranar ba su ƙara haɗuwa su biyar ba. Mutumin Chadi ya koma ƙasarsu ya rasu a can. Mai garaya ya bar Kano lokacin da mutanen Kudu suka gudu, labari ya zo yaƙi ya ci shi. Mai ganga ya zama direban babbar mota, ya mutu a hanyar Jos. Ba faifai, ba hoto, ba ko takardar gayyata.

"Ba na nadamar bin mahaifina," ya ce. "Ko yau ne haka zan yi. Abin da yake cina, ban aika ba."

"Kawu, Tudun Wada ce fa, ba Makka ba. Da hanya ta buɗe sai in juya motar nan mu je ka roƙe shi."

"Idona yana ciwo," ya ce. "Wata rana."

Na yi fushi da shi ranar. Yanzu kuma da kaina nake fushi, don sitiyarin a hannuna yake, shi kuma da ido ɗaya, da na juya ba abin da zai iya yi sai faɗa, faɗansa kuwa na saba da shi.

Washegarin maganata da Hajiya na tari Yaya a falo, yana tsakiyar waya biyu. Da na gaya masa inda za ni sai ya ajiye su duka.

"Ke dai ba kya gajiya da tono. So kike gobe a ji a gari ubana ɗan kiɗan kulob ne? A wannan lokacin? Zaɓe saura wata huɗu, abokin takarata yana yawo da malamai uku a mota, neman abin faɗa kawai suke."

"Yaya, kai ƙuri'a kake nema, shi yafiya yake nema. Wanne ya fi gaggawa?"

"An binne shi da shaida mai kyau. Dubban mutane sun ce sun yafe. Tsoho ɗaya ne zai hana shi kwanciya?"

"Ka tambayi malaman naka, in kana da su."

Ya kalle ni ya kalli silin. Kamannin Kawu ne sak in ya yi haka, har sai da zuciyata ta karye.

"Ni na ɗauko mutumin nan a cikin wuta," ya ce a hankali. "Ko sannu bai ce wa Baba ba. In kin je ya wulaƙanta ki, kada ki zo mini da kuka." Ya ɗauki wayarsa. "Kuma ba da motar gidan nan ba, duk fosta ce a jiki."

Zaɓen ya zo ya wuce, Yaya bai ci ba, ba kuma ƙahon Kawu ne ya kayar da shi ba. Shi ya sa yau nake rubuta wannan ba tare da na nemi izinin kowa ba.

A adaidaita na je, da la'asar sakaliya. Gidan ƙarami ne, a wani lungu da kwata ta raba biyu. 'Yarsa, wadda za mu yi sa'a da ita, ta gane ni tun daga zaure, ta rungume ni tana yi mini gaisuwa, ta ce har yau hijabin Hajiya yana cikin akwatinta. Baba Ticha yana zaune a kujerar roba a inuwar darbejiya, ya rame ƙwarai, sai manyan hannuwa a kan gwiwa. Na durƙusa a gabansa, gwiwar tawa tana ƙara.

"Na ji a rediyo," ya ce, da Zazzagancinsa da shekarun Kano ba su goge ba. "Sanarwar rasuwa, sau uku suka karanta. Na ce to, a ƙarshe dai ya shiga rediyo."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na ce, "Baba, Kawu ya bar saƙo kafin ya cika. Ya ce a zo a roƙe ka ka yafe masa."

"Aike," ya ce. "Ke ma 'yar aike ne. Shekara hamsin da ɗoriya, shinkafa aike, nama aike, ranar da gari ya kama da wuta ma ɗansa ya aiko. Allah ya saka masa, ya ceci raina da na yaran nan, ko a gaban Allah zan faɗa. Amma kwana huɗu ina ɗakin nan nasa, ina jin takalminsa ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya koma. Ƙofar a buɗe take, 'yata. Da gangan nake barin ta."

"Kunya ce, Baba. Wallahi kunya ce."

"Na sani. Ya gaya miki ya zo gindin maɗaci?"

Na ce ya gaya mini.

"To mun gan shi. Mai ganga ya hango shi ta taga, ya ce ga shi can ya iso, sarƙar kekensa ce ta zame. Muka gyara zama. Da muka sake dubawa ba ya nan, muka ce ya koma ɗauko wani abu ne. Sha biyu ta yi Baturen ya ce mu buga mu huɗu ya ɗauka, tef ɗinsa a shirye yake. Mu muka ƙi. Muka ce ba za a ɗauke mu babu shi ba, ai mun gan shi da idonmu, zai dawo. Azahar ya sake tambaya, muka sake ƙi. Da bai zo gindin bishiyar nan ba sam, da yau akwai faifai."

Wannan Kawu bai sani ba. Ya mutu yana zaton ba wanda ya gan shi, yana zaton laifinsa rashin aike ne kawai, ya kuma kwashe rayuwarsa yana gyara wannan ɗaya. Na zauna daɓas a ƙasa. Kukan da ban yi a kwana ukun nan ba, a tsakar gidan mutane na yi shi. Tsohon bai ce in yi haƙuri ba, ya bar ni na gama, 'yarsa ta kawo mini ruwa a kofin silba.

"Baba, kun iya kiɗan kuwa?" Ban san abin da ya sa na tambaya ba.

"Mun iya," ya ce, ba tare da ya yi tunani ba. "Kawunki ya fi mu duka. In ya ɗauki fili, masu wanke-wanke a kicin ajiye faranti suke. Ba mai shaida yanzu sai ni, ni ma kin ga yadda na zama."

"To yafiyar fa, Baba? Matarsa ba ta iya cin abinci."



"Mu huɗu muka jira. Nawa kason na yafe. Ba don shinkafa ba, ba don kwana huɗun nan ba. Gajiya na yi. Abin ya yi mini nauyi, ga ƙafata ɗaya a rami. Ki gaya wa matarsa ta ci abinci. Amma na mutum ukun nan ba nawa ba ne da zan bayar. Mai garaya a ka ya ɗauko ta tun daga Sabon Gari, a ka ya mayar. Mai ganga ya gayyato ubansa, tsoho ya zo da kalangunsa a rataye ya zauna a ƙofar kicin tun safe don ya ga ɗansa zai shiga rediyo. Ni ban isa in ce sun yafe ba. Yanzu ya fi ni kusa da su. Wannan karon ba mai aikawa, sai ya je da ƙafarsa."

A hanyar komawa na shirya abin da zan faɗa. Kalma biyu ce, "ya yafe", in yi shiru, ba ƙarya a ciki, tsohuwa ta samu ta haɗiyi tuwo. Na yi ta maimaita su har muka shigo layinmu. Na tarar da ita a kan dadduma, kwanon abincin rana a rufe a gefenta yadda aka kawo shi.

"Ya yafe?"

Shekara arba'in matar nan tana kama ni in na ɓoye abu, tun daga kan sukarin shayi. Na ce, "Ya yafe nasa, Hajiya." Sannan na gaya mata sauran, har da maɗacin, har da tsohon mai kalangu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja carbinta ƙwaya uku ko huɗu, ta jawo kwanon ta buɗe, ta kalli abincin, ta kai loma ɗaya da ƙyar ta mayar da murfin.

"Ɗaya cikin huɗu," ta ce. "To. Yanzu shi ne zai zauna jira."

Allah ya jiƙan Kawuna, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da riƙon da ya yi mini. Mutum ukun nan kuma Allah ya sanyaya zukatansu, su duba ta taga su gan shi, kada su bar shi har la'asar.